Tekun da Istifanus Ya Kawo Majami'a

A kakar 1994, wata likitar asibitin mishan da ta gama aikinta za ta koma ƙasarsu ta bar wa ikilisiyoyin yankin Madawa da Buza kyauta: wani ɗan baƙin akwati da bai kai bulo nauyi ba, da dogon kabul, da littafi. Akwatin ba shi da bakin da za a busa, ba shi da fatar da za a buga, ba shi da haƙora irin na piyano. An dai ce akwai muryoyin kayan kiɗa fiye da ɗari a cikinsa, kuma ba ya magana sai an haɗa shi da piyano mai kuran, wato mai aiki da lantarki. Majami'ar garin asibitin tana da irin wannan piyano. Ta Buza ma tana da shi.

Sharaɗi ɗaya likitar ta bari: akwatin ya zauna inda akwai mai iya aiki da shi. Kowa ya san Fasto Yoshuwa na Buza ya koyi kiɗa tun yana makarantar fastoci. Saboda haka dattawan ikilisiyar garin asibitin sun kusa cewa a aika masa ya zo ya ɗauka, sai Istifanus ya miƙe daga bencin baya, inda ba a gayyace shi ba.

Istifanus ya yi shekara bakwai a Abijan. Ya dawo da baƙin tabarau, da takalmi mai tsini, da sunan Mayestro, wai gwanin kiɗa, wanda shi ya raɗa wa kansa a mota tsakanin Doso da Dogon Dutsi. Yana cewa ya yi aiki da manyan makaɗan birnin. Waɗanda suka je ci-rani tare da shi sun tabbatar da haka. Shi ke ɗora musu kaya a mota, shi ke saukewa.

"Baba Fasto, akwatin ga ba shi zuwa Buza," in ji shi. "Irinai goma na taɓa a Abijan. Wanga ma autansu na."

Fasto Yosefu, faston garin, dattijo mai haƙuri wanda ya yi wa Istifanus baftisma kuma bai taɓa cewa ya yi nadama a fili ba, ya tambaye shi, "Ka iya shi?"

"Iyawa? Baba, ko barci nike ana iya aza mini shi bisa ciki in yi muku waƙa."

Aka tsayar da magana. Saura mako biyu Lahadin godiyar girbi. Fasto Yoshuwa zai zo ya saurara. In akwatin ya yi aiki a hannun Istifanus, ya zauna. In bai yi ba, a ɗaure shi a bayan babur ɗin Fasto Yoshuwa a ranar.

Da Istifanus ya tsaya nan, da ya isa. Sai ya ƙara da cewa, "Kuma tun da ba ku taɓa ganin teku ba, ran nan za ni kawo muku shi har cikin majami'a. Ku ji shi da kunnenku."

Marta, shugabar zumuntar mata, wadda ta yi shekara goma sha tara tana jan waƙa da tulu da gora, ta ce, "Mu dai ruwan rijiya bai taɓa yi muna laihi ba."

Ranar Litinin ya fara aiki. A bayan piyano akwai ramuka biyu masu ido biyar-biyar, ɗaya na shiga ɗaya na fita. A bayan akwatin ma haka. Istifanus ya cusa kan kabul a ramin fita na piyano, ya cusa ɗaya kan a ramin fita na akwati, domin a ganinsa abu da irinsa ake haɗawa. Ya danna haƙoran piyano da yatsa goma. Akwatin ya kunna 'yar fitilarsa, ya yi shiru.

Ya yi nazari. Ya gano cewa sauti abu ne mai nauyi, kamar ruwa, ba ya hawa tudu. Ya ɗora piyano a kan kabad ɗin littattafan waƙa, ya ajiye akwatin a ƙasa, ya hau benci ya danna. Shiru. Ya gano cewa kabul ɗin ya toshe saboda doguwar tafiya. Ya je ya aro famfon keke.

A nan Ƙauna ta same shi. Ƙauna 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa, ita ke ba da magani a farmasin asibiti, kuma ba ta taɓa kiransa Mayestro ba. Ta shigo ɗaukar tsintsiya, ta tarar da shi durƙushe yana yi wa kabul famfo.

"Ɗan mace, taya tai hwaci?"

"Tahi abinki. Teknik ta."

Littafin akwatin yana ƙarƙashin ƙafar tebur, inda ya sa shi don teburin ya daina rawa. Ta ɗaga teburin ta zaro, ta nemo ɓangaren Faransanci, ta yi karatu kamar minti biyar yana ci gaba da famfo. Sannan ta zare kan kabul daga ramin fita na akwati ta mayar a ramin shiga. Ta miƙa hannu sama ta taɓa haƙori ɗaya. Akwatin ya yi wata murya mai daɗi, irin ta piyanon gaske.

"Wala!" in ji Istifanus. "Ya buɗe. Na san iska ɗai yake so."

"Ba iska ba na. Mai hita daga ɗaki wani ɗaki yake shiga. Kai ka haɗa ƙohwar hita da ƙohwar hita, ka bar su suna kallon juna. Kuma ka sauko da piyanon mutane. Babu sauti cikin igiyag ga balle shi gangara."

"To mi ke ciki? Fura?"

"Saƙo. Piyano cewa yake ma akwati, an taɓa wanga haƙori, an sake shi, ɗauko murya lamba kaza. Shi ke nan. Muryar tana cikin akwati. Awa kati na asibiti. Likita lamba yake rubutawa, ni in duba kanta in ɗauko magani. Ka taɓa ganin wanda yat tamne kati yaw warke?"

"Ke komi sai kin kai shi asibiti," in ji Istifanus. Ya yage shafin da aka jera lambobin muryoyi, ya sa a aljihu, ya mayar da sauran littafin ƙarƙashin tebur. "Littahi na 'yan koyo na. Wanga shahin ma don in tuna."

Ranar Laraba ya kira mawaƙa su zo su ji abin mamaki. Mata goma sha biyu suka zauna da zannuwansu na aiki, Marta a gaba.

"Za mu hwara da abu mai taushi," in ji shi. Ya duba takarda. "Arba'in da bakwai. Garayar Turawa. In kunka ji ta sai kun yi hawaye."

Ya buga arba'in da bakwai a kan 'yan maɓallan lamba na piyano, ya lumshe ido, ya saukar da hannu biyu a hankali. Wasu manyan tambura suka ɗauka, irin waɗanda in an buga su ƙirji ke amsawa. Jaririn da ke bayan wata mata ya yi hawayen da aka yi alkawari.

"Garayar Turawa ke nan?" in ji Marta.

"Haka suke kiɗa ta. Ƙasarsu da sanyi, sai da ƙarhi."

Ya nemi algaita, ya samu ƙararrawa. Ya nemi mawaƙa masu cewa "aaa", ya samu wasu masu cewa "uuu", kamar an ci wani a kokawa. Duk abin da ya nema, maƙwabcinsa na gaba ke fitowa.

Ƙauna, wadda ta zauna kusa da ƙofa da kwanon abincinta na rana, ta ce, "Ɗan mace, takarda daga ɗaya take hwara ƙirga. Piyanon ga daga sifiri. In kana son arba'in da bakwai, buga arba'in da shidda."

"In so bakwai in buga shidda? A wace lakkwal anka koya miki haka?"

"Gwada."

"Ba ni gwadawa. Takardar ta da kure. A Abijan ma mun sha gyara musu."

Maimakon ya rage ɗaya, sai ya ɗauko alli ya tsaya a bangon bayan majami'a, ya yanke shawarar bin lambobin ɗaya bayan ɗaya ya rubuta abin da kowace ta ba shi. Aikin ya ci kwana huɗu. Da ya gama, jerin da ke bango daidai yake da na takarda, sai dai kowane suna ya matsa taki ɗaya. Ya nuna wa Fasto Yosefu a matsayin binciken kansa. Fasto ya ce Allah ya ƙara basira, da muryar mai nufin addu'ar da gaske.

A kwana na huɗun ne aka fara jin aikinsa a gari. Ya aro amsa-kuwwa biyu da ake shelar rigakafi da su. Ɗaya ya ɗaure a kan dogon itace, bakinta yana kallon unguwar manoma. Ɗaya ya kifa a kan kwanon rufin majami'a, bakinta ƙasa, don sauti ya gangaro wa na ciki, domin har lokacin bai janye ra'ayinsa kan nauyin sauti ba. Yana cikin gwaji ya iso ƙarshen jerin, inda kayan kiɗa suka ƙare aka shiga wasu abubuwa. Ya samu teku, ya ji daɗi, ya ja masa layi biyu da alli. Lamba ta gaba kukan tsuntsu ce. Ya danna da yatsa ɗaya, tsuntsu ɗaya. Ya danna da goma, sannan ya kwantar da hannunsa har gwiwa.

Gidan Alƙasim ne ke jikin katangar majami'a. Manomi ne, Musulmi, maƙwabcin da shekara ashirin ba a taɓa jin kansa da majami'a ba. Dawarsa ta nuna a fadama, kuma mako guda ke nan ana cewa tsuntsayen jan-baki masu cin dawa sun sauka wajen Bangi. Cikin minti biyu shi da matarsa Cima da 'ya'yansu da surukinsa suna kan hanyar fadama da gwangwanaye da majajjawa. Gidaje shida suka bi su. Sun tarar da dawa tana tsaye lafiya, da hankaka ɗaya.

Alƙasim ya dawo ya yi sallama a ƙofar majami'a, gwangwani a hannu.

"Istifanus, tsuntsayen ga naka na?"

"Nau na, Baba Alƙasim. Ci gaba ke nan."

"To madalla. Suna cin dawa?"

"Ba su ci."

"To ka riƙe su ciki. Ni na tsuhwa da gudu. Ga harawa shanye bisa ɗaki da gona, ga hadari kwana biyu shina leƙe daga gabas. Abin da ke kaina ya ishe ni."

Gaskiyarsa. Damina ta yi kyau a shekarar har ta ƙi tafiya. An yanke gero, an tuge wake, kowane rufin ɗaki da harawa a kai, kowace tsakar gida da tabarmar kuɓewa ko wake. Ruwa ɗaya a irin wannan lokaci ya isa ya mayar da abincin dabbobin shekara taki. Kowa yana tafiya ne ido ɗaya a gabas.

Ranar Asabar, jajibirin biki, Ƙauna ta biyo da yamma ta sake ɗaga tebur ta zaro littafin. Ta nuna masa wani buton a gefen maɓallan lamba, wanda in an danna shi wata 'yar lamba a kusurwar gilashin piyano take tashi daga sifiri zuwa ɗaya, zuwa biyu.

"Wanga kak ka taɓa shi gobe."

"Na taɓa shi sau ɗari. Ba shi komi. Ado na."

"Kanta yake canzawa. Lambobin da kar rubuta duk na kantar ƙasa na. Akwai wasu kantoci bisa. In ka danna shi, piyano saƙo biyu yake aikawa, hau kanta kaza, ɗauko lamba kaza. In wurin babu komi, akwati shi sauko shi ɗauko ta ƙasa, shi ya sa kake jin awa bai canza ba. Amma can ƙarshe, wajen tekunka, kantocin cike suke. Ga shi nan shahi na gaba, wanda ba ka yage ba."

"Ƙauna, ke kin taɓa ganin teku?"

"A'a."

"To."

Ya ɗauka wannan ya rufe magana. Ita ma ta ga ya rufe, ta mayar da littafin ƙarƙashin tebur da kanta.

Lahadi ta zo da rana tsaf, da wani baƙin hadari da ya yi zaune a gabas kamar baƙon da bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Tun da safe ake shigo da baiko. Dammunan gero suka taru a gaban bagade har suka kusa rufe Fasto Yosefu. Ga ƙoran wake, ga kabewa, ga buhun albasa, ga zabi bakwai da aka ɗaure wa ƙafa da tsumma, ga awaki uku da wani bunsuru da aka ɗaure a ƙafar bencin dattawa. Istifanus ya sa aka rufe tagogi duka da zana, saboda hasken rana yana hana shi ganin lambobi a gilashi. Aka rufe ƙofa saboda awaki.

Fasto Yoshuwa ya iso a kan babur, da igiyar roba a naɗe a bayansa, abin da mutane da yawa suka lura da shi. Mutum ne siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Kafin a fara sujada ya zo ya tsaya kan kayan, hannuwa a baya.

"Sannu da aiki, ɗana. Wanga buton fa, mi yake yi?"

Ƙauna tana farmasi, sai ƙarfe goma za ta tashi. Istifanus ya yi murmushin mai ilimi.

"Baba Fasto, 'yan koyo tsoron shi suke. Duba." Ya buga lambar orgi, muryar babban piyanon majami'a, ya danna, orgi ya fito. Ya danna buton, ya sake buga lambar, ya danna, orgi ya fito. "Ka ji bambanci?"

"Ban ji ba."

"Ado na."

'Yar lambar da ke kusurwar gilashi ta koma ɗaya. Ba wanda ya tambaye ta.

Sujada ta tafi lafiya fiye da yadda aka zata. Istifanus ya san haɗin yatsu uku, kuma yana amfani da su bi da bi ba tare da nuna bambanci ga kowace waƙa ba. Zumuntar mata suka ɗaga tulu da gora yadda ba a jin sa sosai, abin da ya taimaki kowa. Fasto Yoshuwa har ya gyaɗa kai sau ɗaya, ko da yake wasu sun ce ƙuda ne.

Aka zo babbar addu'ar godiya. An shirya cewa a nan teku zai shigo, a hankali, a ƙarƙashin muryar Fasto Yosefu. Jama'a suka sunkuyar da kai. Istifanus ya buga lambar da ya ja wa layi biyu, ya ɗora littafin waƙa a kan haƙoran piyano don ya danne su, ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa, don in an ɗago a san wanda ya kawo.

A kantar ƙasa, lambar teku ce. A kanta ta ɗaya, ruwan sama ce.

Amsa-kuwwar da aka kifa a kan kwano ta yi aikinta da aminci. Rufin majami'a gaba ɗaya ya ɗauki shhhh, da 'yan ɗigo-ɗigo a ciki, irin ruwan da ya zo da niyyar kwana.

Kawuna suka ɗago ɗaya bayan ɗaya, ba su kalli Istifanus ba, rufi suka kalla.

"Mun gode maka domin gero," in ji Fasto Yosefu, ido a rufe, amma muryarsa ta ɗan rage gudu. Yana da wake buhu huɗu a shanye.

"Kuɓewata," in ji Marta, ba da ƙarfi ba.

"Teku na!" in ji Istifanus. "Jama'a, teku na! Haka yake hwarawa!"

Shi kansa ya ji tekun bai yi kama da na ranar Asabar ba. Ya ga ya kamata ya kwantar da hankali da kukan tsuntsu, don kowa ya san tsuntsu ba ya kuka cikin ruwa. Ya buga lamba ta gaba ya danna da hannu biyu. A kanta ta ɗaya, wurin tsuntsu kare ne. Karnuka goma suka yi haushi a cikin majami'a, manya da ƙanana, ruwa kuma bai tsaya ba, tun da littafin waƙa yana nan inda aka ajiye shi.

Bunsuru ya yanke shawara kafin kowa. Ya ja bencin dattawa da dattawa biyu a kai har taki uku kafin igiya ta tsinke. Awaki suka bi ta ƙarƙashin mata. Zabi suka gano cewa tsumman ƙafa bai hana fiffike aiki ba.

A nan Istifanus ya tuna da buton. Ya danna shi don ya koma inda yake, amma buton ɗin gaba yake tafiya. Ya sake buga lambar teku, ya saukar da hannu biyu a can ɓangaren hagu, wajen manyan muryoyi.

A kanta ta biyu, tsawa ce.

Masu shekaru sun ce tun ruwan da ya cinye gadar hanyar Keita ba su ji irinta ba. Ƙura ta zubo daga rufi.

"Domin dukan abin da ba mu ambata ba, amin," in ji Fasto Yosefu. Ita ce addu'ar godiya mafi gajarta a shekarunsa talatin na aiki, kuma ya ƙarasa ta yana tattare rigarsa.

Ƙofar majami'ar ta mutum biyu ce. Mutum ɗari da arba'in da awaki uku suka gwada ta tare. Waɗanda suka fara fita sun tarar da rana tana haskawa, ƙasa a bushe. Wannan ya isa ya tsayar da mai hankali. Amma amsa-kuwwar kan itace ta riga ta kai tsawar unguwar manoma, ga hadari a gabas yana ba da shaida, ga Alƙasim a kan rufin ɗakinsa yana jefo harawa, Cima tana cafewa, gari duka yana gudu da tabarmi a ka. Duk wanda ya fito ya ga haka sai ya yanke cewa Alƙasim ya san abin da shi bai sani ba, ya ƙara mai.

A ciki, Istifanus ya sake danna buton ya samu iska, irin mai ɗage rufi. Sai ya yi abin da ya ga ya rage: ya fizge kabul daga bayan akwati, ya ɗauke littafin waƙa daga kan piyano, ya ja da baya.

Ruwa ya ci gaba da zuba.

Ya kashe piyano. Ruwa ya ci gaba. Ya ɗaga kabul ɗin sama ya girgiza shi, ko sauran ruwan da ke ciki zai fita.

Ƙauna ta shigo da farar rigar aiki, ta ratsa ta gefen bunsuru, wanda ya koma kan dammunan gero yana karɓar rabonsa. Ta danna buton ɗin kashe akwati. Shiru ya sauka.

"Na cire igiya bai bari ba," in ji Istifanus. "Akwatin ga ya lalace."

"An ce mai hwara ruwa, ya hwara. Kai kuma ka kore ɗan aike kahin shi kai saƙon a bari. Wa za shi hwaɗa mai? Har Nowel, bikin Kirsimeti, yana yi."

Mutum ɗaya ne ya rage a kan benci. Fasto Yoshuwa yana zaune inda yake, da zabuwa a gefensa. Gonarsa tana Buza, ko ya gudu ba ya isa.

"Ɗana," in ji shi, "tekun ke nan?"

"Bakinsa na, Baba Fasto. Ba mu shiga ciki ba."

Bayan la'asar dattawa suka zauna ƙarƙashin itacen bedi a ƙofar majami'a. Ba a kira taron jama'a ba, jama'a dai sun zo. An samu zabi biyar cikin bakwai. Marta ta kwashe kuɓewarta da sauri har rabi ya zube a turɓaya, ta zauna tana kallon Istifanus. Akwatin yana kan cinyar Ƙauna, kabul a naɗe a kansa. Fasto Yoshuwa ya kwance igiyar roba daga babur ya riƙe.

Alƙasim ya zo da ƙaiƙayi a gemu, ya gaida fastocin biyu.

"Ni ba ƙara nik kawo ba," in ji shi. "Harawa ɗanya munka cusa ɗaki, munka hiddo ta kuma, mun shanya. Motsa jini na. Roƙo ɗai gare ni. Istifanus, in za ka yi ruwa, ka aiko a hwaɗa muna tun da sahe, mu san naka da na Allah."

Fasto Yosefu ya ba shi haƙuri, sannan ya juya ga baƙonsa. "To, ɗan'uwa, ka gani da idonka. Magana ɗaya munka yi. Akwati naka na."

Daidai nan aka yi tsawa daga gabas, doguwa, mai gangarawa.

Ba wanda ya motsa. Mutum fiye da ɗari suka juya suka kalli Istifanus.

Ya ɗaga hannuwa biyu sama. "Ba ni ba na."

"Rantse," in ji Alƙasim.

"Ga akwati can hannun Ƙauna!"

Ƙauna ta ɗaga shi ta nuna, ta juya bayansa kowa ya ga ba abin da ke haɗe. Duk da haka sai da aka ƙara jinkiri, ana duban akwati ana duban gabas, har iska mai sanyi ta kaɗa ganyen bedi, ɗigo na farko ya faɗi a kan sirdin babur. Sannan gari ya tashi a karo na biyu a rana ɗaya, da ƙafafun da suka riga suka gaji. Wannan karon harawar mutane da yawa ta sha ruwa.

Fastocin biyu suka fake a ƙarƙashin bakin kwano, Ƙauna a gefensu da akwati a cikin mayafi. Fasto Yoshuwa ya daɗe yana kallon masu gudu. Sannan ya fara naɗe igiyar robarsa.

"Ɗan'uwa Yosefu, ku riƙe shi."

"A'a, alkawari alkawari na."

"Na yahe. Mutanena ba su gama shigar da harawa ba. Kuma ka san Buza, duwatsu gare mu, tsawa ɗaya ukku take komawa. Likita cewa tay yi inda akwai mai iya aiki da shi. Ga ta nan tsaye." Ya nuna Ƙauna da haɓa. "Ita ta riƙa buga lamba. Shi kuma a nemo mai wani abu mai murya ɗaya."

Ranar Litinin da safe Istifanus ya zo teburin mai shayi da tabarau da takalmi mai tsini. Wurin ya cika fiye da kullum. Ya zauna, ya gyara wando, ya dubi jama'a.

"Wai akwatin nan ya tahi Buza?"

Aka ce bai tafi ba.

"To," in ji shi. Ya tura kofinsa gaba, ya ce a ƙara madara.